Jirgin Diamond Princess: kwana 14 a kulle, su wa aka kare, su wa aka manta?

Ran 20 ga Janairu 2020 wani jirgin ruwa na yawon shaƙatawa mai suna Diamond Princess ya tashi daga tashar Yokohama ta ƙasar Japan, zai zaga Kagoshima, Hong Kong, Biyetnam, Taiwan da Okinawa ya komo inda ya fito cikin sati biyu. Mu nan Maradi da ruwan da muka sani bai wuce Gulbi in ya kawo da tabkin Madarunfa ba, in an ce jirgin ruwa hankali kwalekwale yake zuwa, to wanga ba shi ba ne. Otal ne sukutum yake tafiya bisa teku, tsawonshi wajen mita 290, bene bisa bene, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da gidan kallo da wurin iyo duk a ciki. Lokacin da abin ya faru mutum 3,711 ne a cikinshi, fasinja 2,666, ma'aikata 1,045. Fasinjojin galibi tsofaffi ne da suka aje aiki suka fito shan iska, rabinsu sun kai shekara 69 ko sun wuce. Ma'aikatan kuwa masu jini a jika ne ƴan neman na kai, mafi yawansu daga Filifin, sai Indiya da Indonisiya da sauransu. Ku riƙe wanga bambanci a ranku don duk maganar da zan yi a kanshi take.

Cikin fasinjojin akwai wani dattijo ɗan shekara 80 mutumin Hong Kong, ya hau a Yokohama yana ɗan tari, ya sauka garinsu ran 25 ga wata. Ran 1 ga Fabrairu awo ya nuna yana ɗauke da sabuwar cutar nan da ta ɓulla Wuhan, lokacin ko suna ba a raɗa mata ba, sai ran 11 ga Fabrairu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce COVID-19, mu dai korona muka sani. Shi dattijo ya sauka amma abin da ya bari a jirgi bai sauka ba.

Daga ran 1 ga wata da aka tabbatar da cutar a jikin dattijon zuwa safiyar 5 ga wata da aka ce kowa ya shiga ɗaki, kwana huɗu ke nan. Jirgi ya iso bakin Yokohama daren 3 ga wata, jami'an lafiya na Japan sun hau suna bin ɗaki ɗaki suna auna zafin jiki suna tambayar masu tari, amma a tsakanin nan mutane ba su daina cuɗanya ba, ana cin abinci wuri guda kowa ya ɗau cokali ɗaya ya zuba, ana zama gidan kallo kafaɗa da kafaɗa, ana cika lif. Ni a ganina nan wuta ta kama, kuma ba ra'ayina kaɗai ba ne, cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta Japan da ta bi ranakun da mutane suka fara jin ciwo ta ga fasinjoji sun fi fara zazzaɓi wajen 7 ga wata, to cutar da takan ɗau kwana biyar ko shida kafin ta nuna kanta, yaushe ke nan suka kamu? Kafin a rufe ƙofa. Da yawa an kulle su ne da ciwon a jikinsu.

Ran 5 ga Fabrairu sakamakon farko ya fito, mutum 10 sun kamu, gwamnatin Japan ta ce jirgi zai tsaya kwana 14 ba shiga ba fita, zuwa 19 ga wata. Matakan da aka ɗauka a takarda ba su da laifi. Kowane fasinja ya zauna ɗakinshi, abinci a ƙofa za a kawo mishi. An raba takunkumi, an raba abin auna zafin jiki kowa ya riƙa duba kanshi, in ya kai 37.5 ya kira waya. Wanda awo ya nuna ya kamu a sauke shi a kai shi asibiti a tudu. Masu ɗakunan tsakiya da ba su da ko taga ana fiddo su rukuni rukuni su sha iska ɗan lokaci, da takunkumi a fuska, kowa ya ba ɗan'uwanshi tazara. Duk wanda ya karanta wanga tsari zai ce ai an yi ƙoƙari. Amma lissafi bai tsaya ba, ran 7 ga wata 61, ran 10 ga wata 135, ran 13 ga wata 218, ran 17 kaɗai aka ƙara 99 suka zama 454, ran 20 ga wata 634, a ranar fiye da rabin duk masu korona na duniya in ka cire Sin suna cikin lissafin jirgi guda.

To tambayar da na daɗe ina juyawa ita ce, in an ce mutum 2,666 su zauna ɗaki kar su fito, wa zai ba su abinci sau uku a yini? Wa zai kwashe kwanuka, wa zai kai tawul da zanin gado, wa zai fidda shara, wa zai amsa waya in tsohuwa ta kira cikin dare ta ce numfashi na yi mata wuya? Ma'aikatan nan 1,045 ne. Su ba a killace su ba, ba ma yadda za a yi a killace su tunda in suka zauna jirgi ya tsaya. Ku kwatanta a ranku yaro ɗaya cikinsu, ya tashi tun asuba a ɗakin da yake kwana da abokin aiki a can benen ƙasa, bayi ɗaya suke shiga, ya sa takunkumi ya sa safar hannu ya turo amalanken abinci cikin wani dogon lungu siriri ƙofa na bin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, fasinja ya buɗe ya miƙo hannu ya karɓa, bai san wane ɗaki ne mai ciwo ba tunda su kansu masu ɗakin ba su sani ba, ya wuce ƙofa ta gaba, haka har ɗari, in ya gama ya sauka ɗakin cin abincin ma'aikata ya cire takunkumi dole tunda ba a cin abinci da baki a rufe, ya zauna tsakiyar ƴan'uwanshi da su ma daga wasu lungunan suka fito. Gobe ma haka. Kamar a ce cuta ta ɓulla gidan biki, a raba baƙi ɗaki ɗaki a ja ƙyaure, amma masu girki da masu rabon tuwo su yi ta zagaya ɗakunan, dare ya yi su kwanta tabarma guda a madafa.

Ba zato nake ba. Binciken da aka yi kan ma'aikata 20 na farko da aka tabbatar sun kamu zuwa ran 9 ga wata ya nuna 15 cikinsu masu aikin abinci ne, waɗanda ke dafa wa sauran ma'aikata, kuma 16 cikin 20 ɗin bene ɗaya suke kwana, bene na 3. Kun ga ke nan cutar ta samu hanyarta ta madafa da makwanci. Kuma yayin da sabbin masu ciwo cikin fasinja suka fara raguwa bayan an kulle, na ma'aikata hawa suka yi ta yi sai wajen tsakiyar wata. Wasu ma'aikata ƴan Indiya har bidiyo suka ɗauka suka sa a intanet suna roƙon gwamnatinsu ta zo ta fidda su, suna cewa a tsorace suke. Wallahi duk lokacin da na tuna wanga sai raina ya sosu, don ɗan talaka ne ya bar gida ya tafi neman abin da zai aiko, an ce mishi ga annoba amma kai ci gaba da aiki, kuma ya ci gaba, bai gudu ba bai ƙi ba.

Gaskiya dai a ƙarshen lissafi fasinja sun fi kamuwa, 567 cikin 2,666, ma'aikata 145 cikin 1,045, kuma waɗanda suka rasu fasinjoji ne tsofaffi. Wani zai ce to ai ma'aikatan ba su ne suka fi jin jiki ba. Haka ne, ƙuruciya ta taimake su da ikon Allah. Amma ba tsarin ne ya kare su ba, kuma akasarin fasinjan kafin kulle suka kamu, su kuwa ma'aikata da yawansu a cikin kullen suka kamu, suna kan hidimar kullen.

Ran 18 ga Fabrairu wani likita masanin cututtuka masu yaɗuwa daga Jami'ar Kobe, Farfesa Kentaro Iwata, ya samu shiga jirgin, bai yi yini cikakke ba aka fiddo shi. Da daddare ya sa bidiyo a YouTube ya faɗi abin da ya gani, kuma babban kukanshi shi ne ba a raba wuri mai cuta da wuri mai tsabta ba, mutum na iya fitowa daga inda ake duba marasa lafiya ya ratsa inda ake cin abinci ko ake cika takardu, ba ka san inda za ka cire kayan kariya ka huta da kwanciyar rai ba. Ya ce ya yi aiki wajen Ebola a Afirka bai ji tsoro irin na cikin jirgin nan ba. Hukumomin Japan sun musa, sun ce akwai rabon wuri, shi ma bayan kwana biyu ya cire bidiyon. Sai dai tun ran 12 ga wata an samu jami'in killacewa ɗaya ya kamu, daga baya wasu ma'aikatan ma'aikatar lafiya su ma suka kamu, mutanen da su ne aka turo su hana yaɗuwa.

Maganar Iwata ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa shiga sansanin masu kwalara a jiharmu. A 2018 da amai da gudawa ya ɓarke daga wajen Madarunfa, haka a 2021, mun ga yadda ake kafa wurin. Ƙofar shiga daban, ta fita daban. Kana zuwa bakin ƙofa mai feshi na tsaye da tulun feshi a bayanshi, ka ɗaga ƙafa ya fesa maka tafin takalmi, ka wanke hannu da ruwan kulor mai sauƙi, wanda ake fesa wa gado da ƙasa ya fi shi ƙarfi, wanda ake zubawa cikin bokitin amai da bayan gida ya fi duka ƙarfi, kowane da robarshi ba a haɗawa. Majinyaci ɗaya ake bari wa mara lafiya. Madafa da wurin hutun ma'aikata suna can gefe bayan shinge, ba ka ratsawa ka je can sai an sake fesa ka. Rumfa ce da tamfol da igiya, ba na'ura ba komi, amma ɗan ƙauyen da ya zo jinyar uwarshi cikin awa ɗaya ya gane inda zai taka da inda ba zai taka ba. Na san korona ba kwalara ba ce, kwalara ta ruwa da abinci take bi korona ta numfashi, feshin takalmi ba zai tsare ta ba. Amma ƙa'idar raba wuri ɗaya ce, kuma jirgin da aka ƙera don mutane su haɗu su cuɗanya, lungu siriri, lif da matakala duk na kowa da kowa, yana da wuyar rabawa ko da an so.

Kar kuma mu ɗora wa Japan laifi duka, gaba kura ce baya sayaki. Jirgin tutar Ingila gare shi, kamfanin da ke da shi Princess Cruises na Amurka ne, tashar kuwa ta Japan, mutanen ciki daga ƙasashe sama da 50, to wa ke da alhakin wa? Ba wata doka da ta fayyace. Sannan ina za ka sauke mutum 3,711 dare ɗaya ka ba kowa ɗakinshi da bayinshi, a lokacin da awon cutar kanshi bai wadata ba? Da farko mutum 273 kaɗai aka ɗebi samfurinsu, masu alamu da waɗanda suka kusanci dattijon. Kuma a daidai kwanakin nan wani jirgin mai suna Westerdam yawo ya yi ta yi a teku ƙasa bayan ƙasa na korarshi har da Japan ɗin, sai Kambodiya ce ta karɓe shi ran 13 ga Fabrairu. Aƙalla shi Diamond Princess an karɓe shi an kai marasa lafiyarshi asibiti. Masu bincike a Jami'ar Umea ta Suwidin sun yi lissafi, suka ce da ba a ɗau wani mataki ba sam da wajen mutum 2,920 sun kamu zuwa 19 ga wata, ke nan kullen ya yi amfani ƙwarai. Amma lissafin nasu ya kuma ce da an kwashe kowa tun ran 3 ga wata da waɗanda za su kamu ba su wuce 76 ba. Lissafi ne na ƙiyasi, amma tazarar 76 da mutum 712 da suka kamu a ƙarshe ba ƙarama ba ce.

Muna da hadisi sananne da ke cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kar ku shiga, in ta same ku a ciki kar ku fita, kuma Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda haka. Ba mai ja da wanga. Hana mutanen jirgi bazuwa cikin gari daidai ne. Abin da nake ja da shi shi ne barin mai lafiya da mai ciwo cikin akwati ɗaya, alhali ana iya tsare su a tudu kowa da wurinshi ba tare da sun shiga jama'a ba.

Wani abin da masu tsari ba su hango ba shi ne magani. Tsoho ya ɗauko maganin hawan jini ko na suga na sati biyu don tafiyar sati biyu ce, sai ga shi an ƙara mishi wasu sati biyu. Cikin kwanakin farko har wata mata ta rataya tutar Japan a barandar ɗakinta da rubutu cewa magani ya ƙare. An bi an kawo daga baya amma sai da aka sha wuya. An raba wayoyi wajen 2,000 ɗaki ɗaki don mutane su iya magana da likita su nemi magani. Sai ran 14 ga wata aka fara sauke tsofaffi ƴan shekara 80 zuwa sama da ba su kamu ba, musamman masu wani ciwon ko masu ɗaki mara taga, aka kai su wani masauki a tudu su ƙarasa kwanakinsu. Abin da aka yi ran 14 shi ya kamata a fara da shi ran 5. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san kwana tara a ɗaki ba rana ba motsi ba magani kan lokaci, ko ba korona jiki zai faɗa maka.

Sai maganar abin auna zafi, wadda ta shafe mu kai tsaye. Cikin mutum 712 da aka tabbatar sun kamu, 331 ba su da wata alama lokacin da aka auna su, kusan rabi ke nan. Ba tari ba zazzaɓi, suna jin kansu garau. Ke nan dogaro da 37.5 ya bar rabin masu cutar sun wuce ba a gani ba, miji na ɗaki ɗaya da matarshi ɗaya na ɗauke da ita ba wanda ya sani. Mu ma nan mun ga yadda aka riƙa ɗora wa mutane ƴar bindigar auna zafi a goshi a bakin ofis da banki da kan iyaka, a ce wuce. Ba na cewa banza ne, mai zazzaɓi ana kama shi, amma mutum ya san iyakar abin da ke hannunshi. An kuma samu ɓurɓushin ƙwayar cutar a jikin kayan ɗakunan jirgin har kwana 17 bayan masu ɗakin sun fita, wanga ya sa duniya ta rufu kan goge-goge da feshi, amma ɓurɓushi ba shi ne ƙwaya mai rai ba, kuma binciken da wasu masana a Amurka suka fitar a 2021 kan wanga jirgi ya nuna shaƙar iskar da mai ciwo ya fitar ita ta fi yaɗa ta. Ke nan taga a buɗe da takunkumi mai kyau sun fi goge hannun ƙofa sau goma.

Fitar ma ba ta tafi sumul ba. Amurka ta gaji da jira ta kwashe mutanenta sama da 300 ran 17 ga wata, ana kan hanyar filin jirgi sakamako ya fito 14 cikinsu sun kamu, aka sa su bayan jirgin sama aka kare da leda aka tafi da su, da isa aka sake killace kowa kwana 14 a sansanin soja. Ostiraliya da Kanada da Hong Kong su ma sabon kulle suka yi wa nasu, wanga kaɗai ya nuna ba su yarda kullen jirgi ya yi aiki ba. Japan kuwa daga ran 19 ga wata ta saki waɗanda awo ya wanke, suka hau bas da jirgin ƙasa suka tafi gida. Ran 22 ga wata awo ya nuna wata mata da aka sallama tana ɗauke da cutar a jihar Tochigi, kuma ministan lafiya Katsunobu Kato ya fito ya ba da haƙuri don an gano mutum 23 sun sauka ba a yi musu awon da ya kamata ba. Rasuwar farko ran 20 ga wata ce, dattijo da dattijuwa ƴan Japan masu shekara 80 da ɗoriya, a ƙarshe aƙalla mutum 13 suka rasu. Ma'aikata su ne ƙarshen sauka, kuma sai a lokacin nasu kullen na gaskiya ya fara, ƴan Filifin sama da 400 da aka mayar gida sai da suka yi wasu kwana 14 a tsare. Kyaftin ɗin jirgin Gennaro Arma ɗan Italiya shi ya sauka ƙarshe ran 1 ga Maris.

Abin takaici darasin bai shiga da wuri ba. Ran 19 ga Maris, ranar da Nijar ta samu mai korona na farko, jirgin Ruby Princess na kamfani ɗaya ya sauke fasinja wajen 2,700 a Sidni ta Ostiraliya kafin sakamakon awon masu ciwon ciki ya fito, suka bazu cikin ƙasa, mutum 28 suka rasu ta dalilinshi. Can an kulle an bar cuta ta ci na ciki, nan an buɗe ta bi mutane gida. Amurka ta hana jiragen shaƙatawa tashi tun 14 ga Maris, sana'ar ta tsaya cik, kuma nan ma fasinja aka fara mayarwa gida, ma'aikata dubun dubata suka yi watanni a kan teku ba ƙasar da ta yarda su sauka.

Da aka komo aiki tsari ya sake. Jirgin MSC Grandiosa da ya tashi daga Jenowa ta Italiya ran 16 ga Agusta 2020 kowa sai da aka yi mishi awon korona kafin ya hau, an rage yawan mutane, abinci ma'aikaci ke zubawa ba kowa ya ɗiba da hannunshi ba, an ware ɗakuna na ajiye wanda ya kamu, in an tsaya wani gari ba mai fita sai cikin ayarin jirgi, har wasu iyali da suka ware suka yi yawonsu a Nafoli aka hana su komawa ciki. Amurka kuma cikin sharuɗɗan da ta fitar ƙarshen Oktoba 2020 matakin farko shi ne awon ma'aikata, kuma dole kamfani ya ƙulla yarjejeniya tun kafin tashi da tashar da za ta karɓe shi da asibiti da masaukin da za a sauke mutane in cuta ta ɓulla. Ku duba da kyau, abubuwa biyun da suka kada Diamond Princess su ne aka sa a gaba, ma'aikata da wurin saukewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce mi ya haɗa Bamaraɗe da jirgin masu kuɗi a Japan. Muna da wuraren da mutane ke kwana su ci su sha a cunkushe ba su da hanyar warewa, makarantun kwana, makarantun allo masu almajirai da yawa, gidan kaso, barikin soja, sansanin ƴan gudun hijira da ke jiharmu, masaukin alhazai inda tsofaffinmu ke zama da maganinsu ƙidayayye, har motar Maradi zuwa Yamai mai kilomita sama da 600 gilas a rufe. Kuma mu ba korona kaɗai ke gabanmu ba, ga sanƙarau lokacin zafi ga ƙyanda ga mashaƙo. Na taɓa kawo maganar ga wani majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ya girme ni a aiki, na ce ranku ya daɗe in sanƙarau ya shiga makarantar kwana mi za a fara yi, ya ce a rufe ƙofa kar yaro ya fita ya kai wa gari. Na ce to masu dafa musu fa, da mai gadi, da mai share bayi, su da ke kwana cikin gari su komo da safe? Ya yi shiru ya ce ɗana, su kam ba a taɓa sa su cikin lissafi ba.

Shi ya sa nake ganin duk shugaban irin wanga wuri ya kamata ya zauna da jami'an lafiya na gundumarshi tun ana zaman lafiya su rubuta a takarda, in mutum ɗaya ya kamu yau wane ne ke da ikon cewa a tsaya cikin awa ɗaya ba sai an jira kwana huɗu ba, wane gini ne za a kai masu ciwo, wanne za a kai tsofaffi da masu suga da hawan jini tun ranar farko, wa ke riƙe da sunayen masu shan magani kullum da yawan abin da ya rage musu. Masu girki da masu shara a fara auna su kafin kowa, a raba su gida biyu da ba sa haɗuwa wajen ci ko wajen kwana yadda in rukuni ɗaya ya kamu ɗayan zai riƙe tukunya, a ba su takunkumi irin wanda ake ba likita, kuma wanda ya kwanta cikinsu a ci gaba da biyanshi don kar tsoron rasa na cefane ya sa ya ɓoye zazzaɓinshi ya fito aiki.